Ruwan Taba a Rigar Juma'a

Warin jiƙaƙƙiyar taba ba ya kama da warin komai. Ba hayaƙin sigari nake nufi ba, wannan kowa ya san shi. Ganyen tabar gargajiya nake nufi in ruwa ya taɓa shi, wani wari mai nauyi da ke sauka a maƙogwaro, ya tara maka miyau a baki ko ba ka so. Talatar da ta wuce ina tura baro a kasuwar Mafara da buhunan albasa, na bi ta layin tsofaffin da ke kasa taba, sai wani ya yayyafa wa hajarsa ruwa don kada ta marmashe. Warin ya buge ni. Na tsaya cak a tsakiyar hanya, masu babur na ta zagina a baya, ni kuwa na riga na koma gidanmu na ƙauye, ina kallon wani jan kare yana tangaɗi a tsakar gida.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, kuma ba gwanin labari ba ne. Yadda abin ya faru haka zan faɗa maka.

Ƙauyenmu na kusa da Birnin Tudu, can wajen Bakura. Gidanmu ba babba ba ne: Baba, Inna, mu yara, sai Kaka, mahaifin Baba, wanda matarsa ta rasu tun ban yi wayo ba. Gonar tudu ta gero da dawa Baba ke riƙe da ita. Fadama kuwa ta Kaka ce, wani ɗan fili a bakin gulbi inda yake noman taba da rani, da ɗan rogo da dankali a gefe. Da ruwa ya janye sai ya yi dashe, ya riƙa ban ruwa da jigo. In taba ta yi fure ya karye furen, mata su saya su goge haƙora da shi su yi jawur. Ganyen kuma a tsinke, a tara shi a rufe ya yi zufa, a shanya, a daka da kanwa. Da wannan ake sayen gishiri da kananzir da tufafin Sallah a gidanmu.

A wurin Kaka taba ba abin sawa a leɓe kaɗai ba ce, magani ce ta komai. Kunama ta harbe ka, ya tauna ya manna maka. Haƙori na ciwo, ya cusa maka ɗan gari a ramin. Rumbu kuwa sai ya shimfiɗa ganyen a ƙasa kafin a zuba hatsi saboda ƙwari. Amma ya san tana bugu. Ranar da ya fara kai ni tsinkar ganye da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, na rungumo ganyen a ƙirjina ba riga. Kafin hantsi jiri ya kwashe ni, miyau ya cika mini baki, na durƙusa ina kelaya amai a kunyar taba. Ya tsaya a kaina yana dariya, yana cewa ga raggo taba ta kayar tun bai ɗanɗana ta ba. Sannan ya ja ni gulbi ya wanke mini jiki tas, ya kwantar da ni a inuwa. Ya ce ta fata take shiga, ba sai ta baki ba. Raggo ɗin nan shi ya zama sunana a bakinsa har ya bar duniya, ni kuma ina ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kamar yadda jika ke yi da kakansa.

A lokacin da abin nan ya faru, yanar ido ta fara rufe wa Kaka gani. Yana gane haske da duhu, yana gane mutum in ya matso, amma ramin da ke gabansa ba ya gani. Abin da ke kai shi fadama ya dawo da shi kare ne. Ja ne mai farin ƙirji, kunnensa ɗaya a yage tun wani faɗa da ya yi da birai. Ba shi da suna, fito kawai Kaka ke yi masa. Da asuba ta wuce zai shiga gaba, Kaka na biye da sanda yana bin ƙarar tafiyarsa a busasshiyar ciyawa. In akwai maciji a hanya kare ya toge ya yi gurnani, Kaka ya tsaya. In birai sun sauko wa rogo, shi ke korarsu. Baba bai taɓa son wannan tafiya ba. Ya sha cewa tsoho ya zauna gida ya huta, Kaka na cewa wanda ya zauna a zaure kabari yake jira. A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya, kuma a gabana aka yi ta: muddin karen nan na nan, Kaka zai ci gaba da zuwa fadama. Ranar da babu shi, an gama.

Ga wani abu da sai ɗan wajenmu zai gane. Shekara da shekaru suna tare, Kaka bai taɓa sa wa karen nan hannu ba. Yana ba shi ƙanzon tuwo, yana yi masa hira kamar mutum, in ya ji daɗinsa ya sosa masa baya da kan sanda ko da gefen takalmi. Amma hannu, a'a. Haka muka tashi muka gani. Kare na da kaskonsa daban, ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar randa, kuma babu mai kai hannu kusa da bakinsa. Ba ƙiyayya ba ce, tsabta ce irin tamu ta masu sallah. Ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin wata rana wannan tsabtar za ta iya yin ɓarna.

Bazarar shekarar nan ta zo da kaska da ƙuma ba kaɗan ba. Kunnuwan karen suka cika da kaska, manya-manya kamar ƙwayar wake, yana ta susa har ya yi wa kansa rauni. Ƙuma kuma ta bazu a tsakar gida, ta ciji ƙanwata da ke goye har jikinta ya yi rudu-rudu. Inna ta kai ƙara wurin Baba, Baba ya kai wa Kaka, ya ce ko a yi wa kare magani ko a nisanta shi da gida. Kaka ya ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Yana da yadda yake yi wa tumaki. Sai ya tara karan taba da dakakken gindinta da ba ya sayuwa, ya jiƙa a kwatarniya da kanwa, ya rufe ya bar shi ya kwana biyu har ruwan ya yi baƙi kamar tsimi. Ranar wanka sai a sa wa tunkiya takunkumin kaba a baki don kada ta lasa, a goga mata ruwan da tsumma, a ɗan jira kaska ta saki, sannan a ɗauraye ta. Takunkumi da ɗauraya, su ne rabin maganin. Kaka ya fi kowa sanin haka. Amma tunkiya ana kama ta a rungume, a matse kanta a tsakanin cinyoyi. Kare fa, wa zai kama bakinsa ya ɗaure?

Ranar Juma'a ce. A ƙauyenmu ba a yin Juma'a, sai an je Birnin Tudu, kuma ranar ce kaɗai kare ke zaman gida, don Baba ke ɗora Kaka a jaki su tafi tare. Kaka ya yi wanka, ya yi alwala, ya sa farar rigarsa ta Juma'a wadda ba ya sa ta sai ranar, Inna ta wanke ta da shuni tana ta ƙyalli. Har an kawo jaki ƙofar gida sai ya tuna da kwatarniya. Ya ce yau ce ranar da ta dace, tunda kare ba shi da aiki. Ya sa na miƙo masa ludayi mai dogon hannu. Ya yi fito, kare ya zo yana kaɗa wutsiya. Ya tattare hannun riga, ya ja da baya don kada ruwan ya fallatso masa, ya riƙa kamfata yana kwarara masa daga nesa, tun daga wuya har gindin wutsiya. Kare ya girgije, ya yi atishawa, ya gudu ƙarƙashin rumbu.

Kaka ya ce in ya dawo sai ya ɗauraye shi, ai kafin nan kaska ta mutu. Ya hau jaki, suka tafi. Duk mazan ƙauyen suka tafi, aka bar mata da yara da tsofaffin da ba sa iya tafiya.

Ina zaune a gindin turmi ina jin ƙarar lasa daga ƙarƙashin rumbu, lak, lak, lak, ba tsayawa. Ruwan na yi masa zafi a inda ya sosa, shi kuma kare ba shi da hannu sai harshe. Ban ɗauki abin komai ba, ba wanda ya ɗauka.

Inuwar rumbu ba ta matsa sosai ba ya fito. Fitowar ce ban manta ba. Yana tafe yana karkata kamar ƙafafunsa ba nasa ba ne, jikinsa duk yana ɓari, miyau na dalala daga bakinsa igiya-igiya har ƙasa. Ya yi amai, ya zagaya wuri ɗaya, ya buga kansa a jikin turmi. Numfashinsa da sauri-sauri kamar wanda ya yi tsere. Idanunsa sun fito, yana kallon abu amma ba ya ganinsa. Inna na fitowa daga madafa ta gan shi, ta saki ƙwaryar da ke hannunta ta yi salati, ta fizge ni ta jefa ɗaki ta saki asabari ta tokare ƙofa.

Dole in gaya maka dalilin tsoronta, kada ka ce matan ƙauye ne da ihu. Daminar da ta gabata, mahaukacin kare ya ciji ɗan maƙerin ƙauyenmu, yaro sa'ana, tare muke harbin tsuntsaye. Ciwon ya warke, kowa ya manta. Bayan wani lokaci yaron ya fara firgita da ruwa, in an kawo masa moɗa sai ya yi ta ƙara yana ture ta. Sai da aka ɗaure shi a gado. Duk ƙauyen mun ji kukansa har ya rasu. Tun daga nan duk wanda ya ga kare na zubar da miyau, abu ɗaya ke zuwa masa a rai.

Magana ta bi ta saman darni daga gida zuwa gida: karen tsoho ya haukace. Aka tura wani saurayi mai ciwon ƙafa da bai je masallaci ba, ya ɗingisa ya tari maza a hanya. Ni ina leƙe ta tsagar asabari. Kare ya ja jiki zuwa ƙofar ɗakin Kaka, inda aka hana shi zuwa duk rayuwarsa, ya kwanta a kan dokin ƙofa yana shure-shure. Ina ta gaya wa Inna cewa taba ce, irin bugun da ta yi mini ne a fadama. Ta ce in rufe mata baki, yaushe kare ya zama mutum.

Maza suka shigo da rigunan Juma'arsu, kowa da abin da ya tsinta a hanya, wani gora, wani taɓarya, wani dutse. Maƙeri na gaba da guntun ƙarfe a hannu, fuskarsa ba ta motsi. Suka yi da'ira nesa-nesa, kowa na jiran wani ya fara. Baba ya shigo yana ja da jaki, Kaka na kai. Tun daga zaure Kaka ya ɗaga hanci. Warin taba da amai ya cika gidan. Ya sauko ba tare da an kama shi ba.

Ya ce, “Ku dakata. Wanga ba hauka ba ce. Taba ce, ni na zuba mai.”

Maƙeri ya ce wa Kaka, “Baba, matsa. Na san abin da nake gani.”

Kaka ya wuce shi. Ya bi ƙarar numfashi da kunne, ya ratsa da'irar, ya jefar da sandarsa. Ya durƙusa, ya lalubo karen da hannu biyu, ya shafa kansa, ya taɓa ƙirjinsa. Sai ya sa hannu ƙarƙashinsa ya ɗauke shi cak, ya rungume a ƙirjin farar rigar nan. Baƙin ruwan taba da miyau da amai suka bi gaban rigar har ƙasa. Na ji wani dattijo na cewa a hankali, tsoho ya zautu.

Kaka ya juya fuska wajen ɗakin Inna ya ce, “Ina raggo? Taho ka shige mini gaba, mu tahi gulbi.”

Na ture asabari na fita kafin Inna ta kama ni. Ya ce in ɗauko sabulun salo da gawayi a murhu. Na kama gefen rigarsa na ja shi. Mutane suka dare suka ba mu hanya, ba don sun yarda ba, don ba mai son karen ya taɓa shi.

Hanyar fadama ba ta da nisa, amma ranar ta yi mana tsawo. Rana ta take, ƙasa na ƙona ƙafa, tsoho na haki da nauyin kare, ina gaya masa ga rami, ga kututture. Gulbi ya janye saura ruwa a kwari. Ya shiga har gwiwa da rigarsa, ya tsoma karen ya bar kansa a waje, ya riƙa cuɗa shi da sabulu yana ɗaurayewa, ya sake, ya sake, har ruwan da ke zuba daga gashinsa ya daina yin baƙi. Kaska na ta faɗowa. Ya sa na daka gawayin a kan dutse na dama, ya buɗe bakin karen da yatsunsa, waɗannan yatsun da bai taɓa kai su kusa ba, ya ɗura masa kaɗan-kaɗan. A lokacin ɓarin ya tsaya, jikin ya saki laƙwas, numfashi ya koma sama-sama. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Shi ma Kaka tabar ta shige shi ta jiƙaƙƙiyar riga. Ya koma gefe ya yi amai, ya tuɓe rigar ya jefa kan reshe, ya wanke jikinsa. Muka zauna gindin tsamiya, kare a kan cinyarsa, tafinsa a kan haƙarƙarinsa yana sauraron bugun zuciya. Bai yi mini wasa ba, bai kira ni raggo ba. Ya yi La'asar a nan da 'yar shara, ya dawo ya mai da hannunsa inda yake. Rana ta yi ja, shanu suka fara saukowa shan ruwa, sai kare ya motsa kunnen nan nasa yagagge. Ya ɗaga kai. Na kawo ruwa a ƙoƙo, ya shinshina, ya sa harshe ya sha.

Kaka ya ce, “Shina sha?”

Na ce yana sha.

Ya ce, “Alhamdu lillahi. Mahaukaci ba ya shan ruwa. Kai ne shaida.”

Amma shaidar yaro ba ta isa ba. Bayan Magariba mai unguwa ya zo zaurenmu da dattawa, aka yi gaisuwa doguwa kamar ba abin da ya faru, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, sannan aka shiga magana. Kaka ya bayyana musu komai, ya ce laifinsa ne da ya zuba magani bai sa takunkumi ba. Wasu suka gamsu, wasu suka ce in taba ce me ya sa tumaki ba sa yin haka. Aka tsaya a kan cewa kare ba zai dawo cikin gari ba. A ɗaure shi a bukkar fadama har a ga sabon wata. In ya nuna wata alama, Kaka ya kashe shi da hannunsa. In bai nuna ba, magana ta mutu. Kaka ya yarda. Maƙeri na zaune a bakin ƙofa yana ji har aka tashi.

Da igiyar rama Kaka ya ɗaure shi a turken bukka. Kullum da safe ni ke shige masa gaba, mu kai wa kare ƙanzo da ruwa. Kwana kaɗan ya murmure, ya fara ci, ya fara yi wa birai haushi yana fizgar igiya. Yanzu in mun iso sai Kaka ya durƙusa ya shafa masa kai, ya lalubi kunnuwansa ya cire ragowar kaska da farce, sannan ya je gulbi ya wanke hannu. Ya ce mini ashe abin bai fi haka ba. Kullum da yamma yana tambayata ko wata ya kusa mutuwa.

Watan ya kusa ɗin. Wata safiya muna shirin fita, Kaka ya riga ya ɗauki sanda, sai maƙeri ya yi sallama. Ya shigo zaure ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe da Kaka gaisuwar ɗa da uba, ya tambayi kwana, ya tambayi jiki. Sannan ya sunkuyar da kai.

Ya ce, “Baba, kada ka wahala zuwa. Na fito daga can. Na kashe shi.”

Kaka ya jingine sandarsa.

Maƙeri ya ce, “Hanyar gonata ta nan ta bi, ɗiyata ƙarama ke kai mini fura. Kullum in na ji haushinsa sai in ji kukan yarona. Wancan karen ma cewa aka yi a jira.”

Kaka ya sa hannu a aljihu ya fiddo battar tabarsa, ya riƙe ta bai buɗe ba, ya mai da ita. Can ya tambaya ko karen ya wahala. Maƙeri ya ce bugu ɗaya ne, yana ɗaure, har kaɗa masa wutsiya ya yi.

Kaka ya ce, “To. Allah ya jiƙan yaronka. Tashi ka tahi.”

Mun je fadama duk da haka. A wajenmu ba a binne kare, jan sa ake a yar a daji. Kaka ya ce in ɗauko fartanya. Ya kwance igiyar da kansa, ya nannaɗe ta, muka tona rami a gefen kunyar taba muka sa shi. Yana tura ƙasa da tafin hannu ya ce, ba da ni yake ba, “Da na sa hannu tun farko.” Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa a kan maganar ke nan.

Baba bai ɗaga murya ba, bai kuma janye maganarsa ba. Na ce ni zan riƙa kai Kaka, Baba ya ce damina ta kawo kai, yana bukatata a gonar tudu, kuma yaro ba ya jin warin maciji. Aka ba wani maƙwabci aron fadama. Kaka ya koma zaure, kan buzunsa, yana fuskantar hanyar gulbi da ba ya gani. Bai roƙi kowa ba. Bai nemi wani kare ba, ya ce ba shi da sauran shekarun koya wa wani hanya.

Rigar kuwa ba ta wanku ba. Inna ta gwada toka, ta gwada sabulu, ta gwada shuni, tabon na nan ruwan ƙasa-ƙasa tun daga ƙirji har cinya. Baba ya sayo masa sabuwa a Mafara. Ya karɓa ya sa albarka, ya ninke ya ajiye. Duk Juma'a mai tabon yake sawa, ya hau jaki, ya shiga sahu da ita a gaban kowa. In wani ya yi magana sai ya ce ai an wanke ta, tsarkakakkiya ce, launi ne kawai ya rage. Haka ya yi ta yi har damina biyu, sannan ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Maƙeri na cikin waɗanda suka tona kabarinsa.

Na daɗe ina jin haushin maƙerin nan. Da na haifi nawa na daina. Wani malamin dabbobi da na taɓa ɗaukar wa kaya ya gaya mini wai gubar da ke cikin taba nikotin ake ce mata, kuma kare ba ya jure ta, ko guntayen sigari ya haɗiye za su iya kai shi. Ya ce in ya tsallake sa'o'in farko yawanci yana tashi. Na ce masa na sani, na ga wanda ya tashi.

Yanzu ƙauyenmu rabinsa kango ne. Fadamar Kaka ba mai zuwa, tsoron mutanen daji ya hana, ciyawa ta cinye har inda muka binne karen. Mu da muka iya muka taho Mafara muna dako. Waɗanda suka rage kuwa, kowane gida yanzu neman kare yake, don haushinsa ke ba mutum damar ɗaukar yara ya shiga gona kafin mutanen daji su iso. Karen da ake kora daga bakin randa ya zama abin da ake kwana da fatansa. Amma har yau daga nesa ake jefa masa abinci.

Ranar Talatar nan, da na farfaɗo daga tsayuwar da na yi, na ja baro gefe. A gaban tsohon mai taba akwai wani matashi, daga maganarsa mutumin wajen Ruwan Gizo ne. Ba tabar leɓe yake ciniki ba, karmami da gindi yake so. Na ji yana cewa karensa ne kaska ta cika, an ce masa a jiƙa da kanwa. Ban san shi ba, bai san ni ba. Na yi masa sallama, muka gaisa, na ce ya ajiye abin nan, kashe karen zai yi, in ma bai mutu ba maƙwabta za su ƙarasa shi. Na ce in yana da hali ya je wurin masu maganin dabbobi.

Ya dube ni, ya dubi barona da yagaggiyar rigata. Ya ce, “Baba, ina na ga halin wanga? Shi kaɗai gare mu, shi ke tsaron gida. To mi zan sa mai?”

Na ce, “Hannu. Ka zauna ka cire mai ɗaya-ɗaya. In ka gama ga ruwa ga sabulu.”

Ya yi 'yar dariya, ya goge tafinsa a riga kamar har ya taɓa. Mai albasa na ta ƙwala mini kira daga bakin tasha, dole na ɗaga baro na wuce. Da na waiwaya yana nan tsaye, ƙunshin tabar a hannunsa, bai biya ba, bai kuma ajiye ba.